Samarin Nijar 'yan ci-rani sun fara sauka garinmu: yaya ya kamata kwamitin masallaci ya riƙe su?

Abu Safiyya, Auyo

Assalamu alaikum. Tambaya ce daga kwamitin masallacin Juma'a na wani ƙauye a ƙasar Auyo, cikin fadamar Haɗeja. Kowace shekara da zarar sun gama girbin geronsu, samari daga Damagaram, Magarya, Dungas da Matamaye suna sauka garin neman aiki. Da yankan shinkafa suke farawa, su zarce ban-ruwan alkama da tsinkar tumatir, sai an ga hadarin farko su koma gida shuka. Yawancinsu 'yan shekara 15 zuwa 25 ne. A halin yanzu wasu a barandar masallaci suke kwana, wasu a bukkokin gona, kuma ƙarar hana kuɗin aiki ba ta yankewa a zauren liman.

Kwamiti yana so bana a tsara abin. A ina ya kamata a sauke su? Wa zai ɗauki nauyin cinsu? Ya halatta a ba su daga zakkar hatsi? Idan wani ya kwanta ciwo ko ya rasu fa? Masu sani su taimaka da bayani na aiki. Allah ya saka da alheri.

Malam Sani, Kura

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Abu Safiyya, ku fara da kuɗin aiki kafin ku zo kan tuwo da tabarma. Gari yana iya ciyar da yaro wata biyar sadaka, amma in manomi ɗaya ya danne masa ladar yankan eka biyu, ita zai riƙa faɗa in ya koma gida. Hadisin da Bukhari ya ruwaito a fili yake: cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, aka yi masa aiki cikakke, ya hana lada.

Yawancin ƙarar da ake kai wa liman daga maganar nan ta "ku je ku fara, ai ba za mu ɓata ba" take tasowa. Ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an san aikin, an san ladar tun kafin a sunkuya. In jinga ce, mai gona da shugaban yaran su taka gonar tare, a nuna iyaka, a faɗa da baki: yanka ne kawai, ko har da tarawa, bugu, sheƙa, ɗurawa a buhu, ɗinki da fitarwa bakin hanya? Kowanne aiki ne mai zaman kansa, kuma a nan ake cutar baƙo, a yi ciniki da sunan yanka, rana ta yi tsaka a ce ai kowa ya san har da bugu. In na yini ne, a faɗi lokacin tashi, azahar ko la'asar, a kuma faɗi abincin rana na wuyan wa. Tsinkar tumatir da ake biya da kwando, a ware kwando ɗaya na awo a ajiye, domin kwandon da ake lodi zuwa Kudu da na kasuwar ƙauye ba ɗaya ba ne. Idan an riga an yi aikin ba ciniki, ba abin da mai gona ya ga dama zai bayar ba. Hukuncin shi ne ladar da aka saba biyan irin wannan aiki a garin a wannan lokaci, kuma dattawa biyu manoma sun isa su faɗe ta.

Akwai masu biya da kason amfanin gona. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ce wa mutum "girbe wannan, rabi naka ne", ko "abin da ka girbe, kaso kaza naka", domin ana ganin abin a tsaye. Sun hana a haɗa masa girbi da sussuka a ce sai abin da ya fita na tsaba za a ba shi kasonsa, saboda ba wanda ya san nawa zai fita, ladar ta zama wadda ba a sani ba. Mafi sauƙi a raba tun yana dami, ko a yanka kuɗi.

Sai jinkiri. "Bari na sayar tukuna" ba laifi ba ne in an yi sharaɗinsa tun farko aka ambaci rana, kamar ranar kasuwa kaza. In ba a yi ba, lada ta wajaba da gama aiki. Ku samu littafi guda a hannun na'ibi ko sakatare, a rubuta sunan mai gona, sunayen yaran, aikin, kuɗin, kafin alƙalami in an bayar, da shaidu biyu. Ranar biya a ƙirga a gaban dukkan yaran. Kada a damƙa wa shugabansu a bayan ɗaki, don wani lokaci cutar daga cikinsu take fitowa, babba ya yanki kasonsa daga na ƙanana da sunan shi ya samo aikin.

Wanda ya tafi gida da gaggawa bai karɓi kuɗinsa ba, kuɗin amana ne a wuyan mai gona, ba ya zama nasa don shekara ta zagayo. Ku tuna mutanen nan uku da dutse ya rufe a kogo: ɗayansu da ladar ɗan ƙwadagon da ya tafi ya bari ya yi tawassuli, wadda ya juya har ta zama garke, ya miƙa masa duka da ya dawo.

Abu ɗaya kan salla, tunda masallaci ne ya yi tambayar. Da yawansu suna ci gaba da ƙasaru wata da watanni da zaton su matafiya ne. A mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya cika salla, Juma'a kuma ta hau kansa, ko da yake ba a ƙirga shi cikin mutum goma sha biyun da Juma'a ke ƙulluwa da su. Don haka ladan ya sanar da su, masu gona kuma su sallame su da hantsin Juma'a ba tare da an zaftare musu kuɗin yini ba.

Hajiya Maman Ummi, ma'aikaciyar lafiya, Kafin Hausa

Allah ya gafarta Malam, an gode. Ni ɓangaren masauki da lafiya zan taɓa.

Barandar masallaci ta kwana biyu ko uku ce, kafin a samu wuri. Daga Disamba sanyin hunturu a fili yana kwantar da su da ciwon haƙarƙari, ga kuma banɗakin masallaci ba a yi shi don wankan mutum talatin ba. Ku nemi zaure, shago ko ɗakin samari da ba kowa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 mutum huɗu yake ɗauka, a matse biyar, kuma sai da taga mai buɗuwa. Abin da ake gudu sanƙarau ne. Daga Fabrairu zuwa Mayu, zafi da ƙura da cunkoson kwana su ne abokansa, kuma ɓarkewar da aka yi a 2022 zuwa 2023 ta fi tsanani a Jigawa da Damagaram, wato daidai hanyar da yaran nan suke bi. Mashaƙo ma ya yi ɓarna a Kano da yankin Matamaye a 2023. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ba na kemis ba ne. A kai asibiti a ranar, a kuma faɗi sunayen waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi. In ana rigakafi a gari, a sa su cikin layi, ba a tambayar katin ɗan ƙasa kafin allura.

Wurare biyu kada a kuskura a kwantar da su. Na farko sito ko ɗakin da aka jibge buhunan da aka jefa wa ƙwayar Phostoxin ta kashe ƙwarin hatsi. Iskar da take fitarwa tana kisa cikin barci, kuma tana ratsa tsagar bango zuwa ɗakin da ke jikinsa. Na biyu ɗaki a rufe da kaskon gawayi a ciki. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, mutum ciwon kai da jiri zai ji, ya ɗauka gajiya ce ya ƙara jan bargo. A ji ɗumi a waje, a kashe wutar, sannan a shiga.

Ruwa, ku lissafa jarka ɗaya mai lita 20 ga kowane mutum a rana, sha da girki da wanka. Masai ɗaya kada ya wuce mutum 20, kuma a haƙa shi aƙalla mita 30 daga rijiya. In ba a yi musu ba, bakin hanyar ruwa za su je, ruwan da garin ke wanke tumatir da shi.

Abinci kuwa, sadakar kwano-kwano daga gidaje tana da kyau a kwanakin farko, ai baƙonka Annabinka, amma ba ta ɗorewa, kuma takan mai da ma'aikaci kamar mai bara, abin da yawancinsu ba sa so. Ya fi a ba su tukunya da murhu, su haɗa kuɗi su dafa, ko a samu mata biyu a unguwa su riƙa dafa musu a biya su duk mako. Mutum goma masu aikin ƙarfi suna cin wajen kwano uku na hatsi a rana, da kwanon wake guda, ban da mai da kayan miya. Kunu ko fura kafin a fita ba ado ba ne. Yaron da ya shiga fadama da yunwa shi ne yake yanke hannu da lauje.

Ciwon da aikin fadama ke kawowa sananne ne. Sauro ba ya ƙarewa a wurin noman rani, don haka gidan sauro ɗaya ga mutum biyu shi ne mafi ƙaranci, kuma a yi gwajin jini kafin a sha maganin zazzaɓi. Fitsarin jini, wato tsargiya, daga tsayuwa cikin ruwan kwance ake ɗaukarsa. Samari suna ɓoye shi don kunya, suna zaton ciwon sanyi ne, alhali praziquantel ne maganinsa, ana auna shi da nauyin jiki ko tsayi. Gudawa, a fara da ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Saran kububuwa ya fi yawa lokacin ɗaga dami da ban-ruwan dare. Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a ɗaure ƙafar da sanda yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi zuwa babban asibiti. Ya kamata kwamiti ya bincika tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar dafin maciji, don ba kowanne ke da ita ba.

Feshi kuma kada a ba yaro ƙarami. Wanda magani ya zubo wa, a tuɓe kayan, a wanke jiki da sabulu, a tafi asibiti da robar maganin a hannu. Madara da manja da ake ɗurawa ba sa karya guba, sai ma su sa amai ya shiga huhu.

Duk wannan yana buƙatar kuɗin gaggawa a hannu. Ku ware asusu, kowane mai gona da ya ɗauki yara ya saka wani abu, a kuma tsayar da mai babur ko mai mota ɗaya da za a iya tasa da tsakar dare.

Ɗan Maigatari

Hajiya ta gama magana kan masauki. Abin da zan ƙara shi ne kada kwamiti ya yi gaban kansa. Baƙo a ƙauye ta hannun mai unguwa yake shiga, shi ya kai wa dagaci. A rubuta sunan yaro da na mahaifinsa, garinsu, lambar wayar wani nasa a gida, da sunan mai masaukinsa. Wasu na ganin wannan kamar tuhuma ce. A'a, kariya ce gare su. Ranar da injin ban-ruwa ko akuya ta ɓata, baƙi ake fara nunawa da yatsa, kuma yaron da ke da mai masauki da zai tsaya ya ce "a ɗakina ya kwana" ba a taɓa shi. A gaya wa 'yan sintiri a fili cewa duk zargi zauren dagaci ko ofishin 'yan sanda za a kai shi.

Maganar takardu: Nijar ta fita daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasar, su shiga su fita ba biza, har sai an sanar da wani abu daban. Iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 an buɗe ta a Maris 2024. Saboda haka yaro ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a jikinsa. Ban yarda da masu gonar da ke karɓe katin ko wayar yaro su ajiye wai don kada ya gudu ba. Wannan riƙe mutum ne, kuma in jami'an shige da fice suka tare shi a hanya ba shi da abin nunawa.

A kula da lissafi wajen ciniki. Ɗan Nijar in ya ce jika ɗaya, sefa dubu yake nufi, mu kuwa jaka naira ɗari biyu ce a bakin dattawa. A faɗi adadin da naira, a rubuta da lamba.

Inda suka fi asara shi ne ajiya. Galibinsu ba su da lambar NIN, don haka ba layin waya da sunansu, ba asusun banki. Sai su riƙa tura kuɗi asusun wani mai POS ko abokin da suka haɗu da shi jiya, ko su ɗinke a ƙugun wando su shiga ruwa da shi. Kwamiti ya zaɓi mutum ɗaya amintacce mai abin hannunsa, a yi littafi biyu, ɗaya wurinsa ɗaya wurin yaron, duk ajiya da ɗauka a dangwala a gaban shaida. Mai ajiyar kada ya juya kuɗin a kasuwanci sai da izinin mai shi, in ya juya ya ɓata, biya ya hau kansa. Sannan tara naira wata biyar a canza rana ɗaya caca ce, wanda ya ga yadda naira ta faɗi gaban sefa a 2023 da 2024 ya sani. Gara a riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, 'yan canji da direbobin garuruwansu duk suna nan, kuma ta hannun direban da iyayen yaro suka sani saƙo ya fi isa. Masu son a biya su da hatsi su kai gida, a faɗa musu gaskiya cewa kwastam sukan tsare buhuna a iyaka. Tiya kaɗan ta guzuri ba a cika magana a kanta ba, amma lodi wani abu ne daban.

Abu Safiyya, Auyo

Madalla, Allah ya ƙara sani. Malam Sani, saura maganar zakka da ta rasuwa. Kuma akan samu ɗaya ko biyu cikinsu Kiristoci daga Togo ko Benin masu aikin gini da gyaran inji, wasu 'yan kwamiti suna tambaya ko asusun ya shafe su.

Malam Sani, Kura

Zakka ta halatta gare su ta ƙofa biyu cikin takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Wanda abin da yake samu bai isar masa ba, fakiri ne, kuma ba a ce fakiri sai ɗan gari ba. Wanda guzuri ya yanke masa, misali ya yi jinya kuɗinsa ya ƙare, ɗan tafarki ne, a ba shi abin da zai kai shi gida, ko da yana da rumbu a can, matuƙar bai samu mai ranta masa ba. Nisabin hatsi sa'i 300 ne. Na damina ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da inji ɗaya bisa ashirin. Shinkafa, alkama, gero, dawa, wake da riɗi duk suna ciki, tumatir da albasa babu zakka a kansu, sai dai sadaka.

Abin da bai halatta ba, kuma ana yi, shi ne mai gona ya rage wa yaro lada ya cike da zakka, ko ya ce buhun nan ladarka ce kuma zakkata ce. Ladar ba ta biyu ba, zakkar ma ba ta fita ba. A biya lada cif, zakka ta zo daban.

Kiristan ba a ba shi zakka, amma asusun gaggawa sadaka ce da gudummawa, yana da rabo a ciki. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba da damar kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, aya ta 36 a Suratun Nisa'i kuma ta ambaci maƙwabci na nesa. Don haka kada ku cakuɗa kuɗin zakka da na asusu a akwati ɗaya. Ba a matsa masa kan salla, in ya nemi Lahadi a ba shi.

In rasuwa ta faru, a fara sanar da mai unguwa. In ta hanyar nutsewa ce, ko faɗa, ko guba, sai 'yan sanda sun gani kafin a yi wanka, don kada daga baya a tuhumi mai masauki. A kira iyayensa a waya kafin a binne, su ji daga bakin ɗan garinsu. Wanka, likkafani, salla da binnewa farilla ce a kan mutanen garin, in wasu suka yi ta faɗi a kan saura. Kuɗin likkafani daga abin da ya bari ake cirewa, in babu sai asusu, ba a taɓa zakka. Ragowar kuɗinsa, wayarsa, kayansa da ladar da yake bin masu gona a tattara, a ƙirga gaban shaidu biyu, a rubuta, a aika wa magadansa. Ba a raba su sadaka da sunan nema masa lada, ba a kuma bar wa abokan tafiyarsa. A sa alama a kabarin, domin mahaifi kan zo ziyara bayan watanni.

In azumi ya riske su a bakin aiki, su kwana da niyya. Wanda wahala mai tsanani ta kama da rana ya sha, ya rama daga baya. Mafi alheri masu gona su mai da aikin daga bayan asuba zuwa hantsi, a dawo bayan la'asar.

Hajiya Maman Ummi, Kafin Hausa

Ƙari kaɗan. Akan ga 'yan shekara 12 ko 13 sun biyo yayyensu. Waɗannan kada a ba su jingar manya, ko ban-ruwan dare, ko ɗaukar buhu. Korar tsuntsu da tsince-tsince sun ishe su, da daddare kuma a haɗa su da makarantar allo ta unguwa. 'Yan mata masu zuwa ɓarar zoɓo ko tsinkar barkono a sauke su cikin gida wurin matar aure, kuɗinsu a hannunsu. In wata dillaliya ce ke zuwa karɓar kuɗin yara da yawa alhali ba ita ta haife su ba, a sanar da dagaci, shi ya kai wa Hisba ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Sannan ku sa ranar rufe littafi mako biyu kafin lokacin komawarsu, wajen ƙarshen Afrilu. Da labari ya zo cewa an yi ruwan shuka a Damagaram, cikin kwana biyu za su watse, kuma manomin da ke da niyyar danne kuɗi wannan ranar yake jira.